A Kan Ɗan Kwikwiyon Da Na Ajiye A Siton Baba



'Yan uwana Hausawa mazauna Kurmi, na nan Badun da na Ikko da Shagamu da Anaca da Fatakwal, ina yi mana fatan alheri baki ɗaya. Yau dai maganar kare na zo da ita, kuma na san tun daga kan taken nan wani ya riga ya ce a'uzu billahi. To don Allah a daure a karanta har ƙasa, in an gama sai a zage ni da hujja.

Ni haifaffen Sabo ne. Mahaifina albasa yake kawowa daga Aliero ta jihar Kebbi, in mota za ta koma Arewa kuma ya ɗora mata goro. Muna da sito a wani fili mai katanga a bayan gari, kusa da inda manyan motoci suke sauke kaya. Cikin wata uku sau biyu ɓarayi suka haura mana, na farko suka kwashi buhunan albasa, na biyu suka haɗa har da janareto. Maigadinmu dattijo ne mutumin kirki, amma wanda ya wuni yana taya lodi, ƙarfe uku na dare barci ba zai roƙi izininsa ba. Ana cikin haka sai karyar wani maƙwabcin siton, Bayarabe bakanike, ta haihu. Ya ce min in ina so in zaɓi ɗaya kyauta. Na nemi izinin Baba, ya yi shiru kwana biyu, sannan ya ce: "Ka ɗauko, amma kada in gan shi a gida, kuma duk abin da ya yi kai ne." Na ce na ji, Baba. Na zaɓi wani baƙi mai farin ƙirji, na sa masa suna Duna.

Wallahi da sata na yi da ban sha maganar da na sha ba. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya tare ni bayan Magariba ya ce: "Kai yaro, zaman Kurmi ya lalata ka. Ɗan Alhaji guda da rungumar najasa?" Na sunkuyar da kai na ce: "Allah Ya ba ka haƙuri, Baba." Wani abokina ya daina ba ni hannu. Wasu yara kuma, waɗanda a gabana aka haife su, suka riƙa hawa katanga suna jifan ɗan kwikwiyon da bai fi takalmina girma ba, manya na zaune suna dariya. Shi ya sa na ga gara in yi magana a fili, domin abin ya wuce ni da Duna. Mu Hausawa mun rabu gida biyu a kan kare, masu jifa da masu ɗaurewa, kuma a ganina duka biyun sun kauce.

Bari in fara da masu jifa, tunda da addini suke kafa hujja. Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare da Islamiyya. Saboda haka na wanke ƙafa na je wurin malamin da muke ɗaukar Risala a gabansa, na ce: "Allah gafarta Malam, ga abin da na yi, in saɓo ne gobe in mayar." Ga abin da na taho da shi. A mazhabar Malikiyya, wadda iyayenmu da kakanninmu suke kai, duk wani abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare, jikinsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki umarni ne na Manzon Allah (SAW), kuma malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bauta da bin umarni. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce najasa ne, kuma suna da hujjarsu. Wanda ya bi su bai yi laifi ba. Amma wanda yake cewa shi ɗan Malikiyya ne, sannan yana ƙin gaisawa da ni, ya kamata ya koma ya buɗe littafin da yake taƙama da shi.

Ban ɓoye ɓangaren da bai yi min daɗi ba. Malam ya tuna min hadisin da ya nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, da kuma hadisin mala'ikun rahama da ba sa shiga ɗakin da kare yake. Ita kanta Risala ta hana ajiye kare a gidaje sai don waɗannan dalilai. To amma malamai irin su Imam Nawawi sun rinjayar da halascin ajiye shi don gadin gida da dukiya idan akwai buƙata, ta hanyar kiyasi da gadin gona da dabbobi. Kuma masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 386 bayan Hijira, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da zai ajiye ya fi kare ban tsoro, wato zaki. Jama'a, in katangar Ƙairawan ta sa haka, ina ga siton albasa a bayan garin Badun?

Don haka Duna ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa gida, ba ya kusantar inda maigadi yake sallah, kwanonsa daban, kuma in ya lashe ni ina wankewa domin fita daga saɓani. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jifa. A wane babi aka ce a jefi dabba don tana kare? Duk yaron Islamiyya ya san labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Duk Juma'a muna karanta Suratul Kahfi, karen samarin nan yana kwance a bakin kogo. Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da horarren kare ya kamo. Mafarautanmu na Arewa da Fulani makiyaya tun tale-tale da karnuka suke tafe. Yau kuma don mun zauna a birni sai mu koya wa 'ya'yanmu cewa jifan ɗan kwikwiyo taƙawa ce? Yaron da ya saba jifan abin da ba zai iya ramawa ba, ku jira ku ga abin da zai jefa in ya girma.

Yanzu kuma ga gida na biyu, masu ɗaurewa, waɗanda a wurina laifinsu ya fi girma. Su sun ajiye karen, domin su ma suna tsoron ɓarawo, amma sun ajiye shi da zuciyar masu jifa. A ɗaure shi da sarƙar da ba ta kai kamu biyu ba a jikin tsohuwar taya, rana ta ƙare a kansa, ruwan sama ya ƙare a kansa. Ba ruwan sha sai in an tuna. A bar shi da yunwa wai don ya yi zafi, wani ma har barkono yake barbaɗa masa a abinci, wani ya sa yara su riƙa tsokanarsa da sanda. In ka yi maganar allura a ce wai kare ne za a kai asibiti, mutane ma sun samu? An ƙi cin biri an ci dila ke nan. Kana ƙyamar taɓa shi don kada tsarkinka ya ɓaci, amma ba ka tsoron tsayuwa gaban Allah da haƙƙin dabbar da ka ɗaure ka hana ta nema.

Na ga ƙarshen irin wannan riƙo da idona. Akwai wani sito a layinmu, mai shi ɗan uwanmu ne Bahaushe, ba zan kama suna ba. Karensa haka yake a ɗaure shekara da shekaru. Rannan sarƙar ta tsinke, ya fito ya cafki wata yarinya mai tallan gyaɗa a ƙwauri. Kafin in iso an kashe karen an jefa a kwata, wani ya tsigo gashinsa yana neman ɗora wa yarinyar a kan ciwon, wani na cewa a kawo toka. Na ce don Allah a kawo ruwa da sabulu. Na tambayi mai karen ko an taɓa yi masa allura, ya ce allurar me? Da ƙyar da roƙo, sai da Baba ya sa baki, aka kai ta asibiti a ranar. Ta sha allurai a ranaku daban-daban, kuɗin da aka kashe kuwa ya ninka na allurar kare sau ban san adadi ba. Alhamdu lillahi tana nan da ranta. Amma iyayenta sun yi watanni suna kallonta, in ta ce kanta na ciwo gabansu ya faɗi.

Ga abin da ya sa gaban nasu yake faɗuwa. Ciwon haukan kare, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarsa, kuma kusan 4 cikin kowane 10 da abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yana iya yin wata biyu ko uku a jiki shiru, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun fito, mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, to kusan ba wanda yake tashi. Ba tofi, ba saiwa, ba babban asibitin da zai dawo da shi, sai dai wani ikon Allah. Alhali tun shekarar 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura ya rayu. A nan ƙasar ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar rigakafin wannan ciwo ta karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon zai daina yawo. To mu da muke ta musu a kan yawun kare, abin tsoron da ke cikin yawun shi ne wannan ƙwayar cuta, kuma ƙin gaisawa da ni ba ya kashe ta. Allura ce ke tare ta.

Tunda na zagi riƙon wasu, adalci ne in faɗi yadda nake riƙon nawa, ko wani zai amfana. Da farko ban raba Duna da uwarsa ba sai da ya cika mako 8. Bakaniken nan ne ya hana ni gaggawa, Allah Ya saka masa. Ɗan kwikwiyon da aka cire da wuri yakan tashi da rauni da tsoro, kuma a wurin uwa da 'yan uwansa yake koyon iyakar cizo. Washegarin da na ɗauko shi na sa shi a kwali na kai asibitin dabbobi na gwamnati da ke Mokola, wanda daga Sabo ko a ƙafa za ka je. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, domin kusan duk ɗan kwikwiyo da ita yake tashi, kuma wasu daga cikin tsutsotsin suna kama yaran da ke wasa a ƙasa. Ana maimaita maganin duk mako biyu har ya kai wata uku, sannan duk wata har ya kai wata shida. Aka fara masa allurar haɗi, wadda ke tare cututtuka da dama, ciki har da mai sa amai da zawon jini da ake kira farbo, wadda take kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki kuma ƙwayarta kan daɗe a cikin ƙasa watanni. Ita ma ana maimaita ta duk mako uku zuwa huɗu har ya kai kusan wata huɗu. Kafin ya gama ta ban bar shi ya yi yawo a layi ba. Da ya cika wata uku aka yi masa ta haukan kare, aka ba ni kati da kwanan wata, aka ce in dawo da shi duk shekara. Katin yana cikin akwatin da Baba yake ajiye rasit.

Sai abinci. Yana ƙarami sau huɗu nake ba shi a rana, na rage zuwa uku, yanzu safe da yamma. Shinkafa ko tuwo da kifi ko dafaffen tarkacen nama daga mahauta, ba yaji, ba gishiri mai yawa, ruwa mai kyau kuma ba ya yankewa a gabansa. A nan ne na koyi abin da ya ba ni mamaki: kayan da Duna yake gadi su ne gubarsa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare. Goro ma haka, sinadarin da ke hana mu barci in mun ci yana iya kayar da shi, kamar yadda cakulan ke yi. Ke nan ragowar miyar gida da muke juye wa kare muna ganin mun yi sadaka, cuta muke ba shi a hankali. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo. Kada kuma a ba shi maganin mutane irin su farasitamol ba da izinin likita ba. In kaska ko ƙuma sun kama shi akwai maganinsu a wurin likitan dabbobi, don Allah a daina yi wa kare wanka da fiya-fiya ko shafa masa baƙin mai don ƙazuwa.

Na ƙarshe shi ne tarbiyya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni ukun farko su ne lokacin da kare yake sanin wane ne mutum, mene ne abin tsoro. Na bar shi ya saba da maigadi, da 'yan dako, da ƙarar manyan motoci, da akuyoyin maƙwabta, da yara in ina tsaye. Na koya masa "zo" da "zauna" da "bari" da Hausa, da ɗan guntun kifi a hannu, minti biyar safe minti biyar yamma. Ban taɓa dukansa ba. Da rana yana da rumfa mai inuwa da wurin zagayawa, da dare a sake shi cikin katanga. Kashinsa ni nake kwashewa in binne, in wanke hannu da sabulu. Masu cewa sai an wahalar da kare yake gadi, ku sani aikin karen gadi shi ne ya ji motsi ya yi haushi ya ta da mutum. Karen da ya ƙoshi ya san gidansu shi ke bambance baƙon dare da mai tallan gyaɗa. Wanda yunwa da duka suka haukata kowa abokin gabansa ne, har ɗan mai gidan. Tun da Duna ya fara haushi da muryar manya, sau biyu yana ta da maigadi cikin dare, aka haska tocila aka ji gudu a bayan katanga. Ko buhu ɗaya ba mu sake rasawa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai mazauna Kurmi. Sabo ta Badun tun 1916 take, kakanninmu sun zauna da goro da shanu da amana, amma har gobe in abu ya faru sunanmu baƙi. Ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 ba, wanda ya faro daga saɓanin mutane ƙalilan, kafin a ankara an rasa rayuka an ƙone shaguna da gidaje. Yanzu ku ɗauka yarinyar nan da kare ya ciza 'yar masu gari ce, ku ɗauka kuma ba a kai ta asibiti ba ta mutu bayan wata biyu tana tsoron ruwa. Wa zai tsaya ya ce karen wane ne? Karen Hausawa za a ce. Sakacin mutum ɗaya da ya ƙi biyan kuɗin allura zai iya cinye jarin mutum ɗari.

Don haka ina roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa na garuruwan Kurmi da shugabannin kasuwanni su sa doka a tsakaninmu: duk wanda ya ajiye kare a sito ko gareji ko zangon shanu ya nuna katin allura duk shekara, in ba haka ba ya rabu da shi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, me zai hana shugabanninmu su gayyato likitocin dabbobi har cikin kasuwa a ranar? Ina roƙon malamanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, in sun karantar da hukuncin wanke ƙwarya su haɗa da haƙƙin dabba, su kuma gaya wa iyaye cewa in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da karen yana da kati. Kada a yi gaggawar jefar da karen, a killace shi a kira likitan dabbobi, domin ana sa masa ido kwana 10 ko a gwada shi a san gaskiya.

Ban ce kowa ya je ya ɗauko kare ba. Wanda ba shi da buƙata, ko ba shi da fili, ko ba zai iya ciyarwa da allura ba, wallahi barinsa shi ne daidai, kuma ya fi kusa da abin da malamai suka faɗa. Wanda yake ƙyamarsa ma ban ce ya so shi ba, ya wuce abinsa ya hana ɗansa ɗaukar dutse. Amma wanda ya ɗaure kare a ƙofarsa, ya sani ya ɗauki amanar rai guda, da amanar duk yaron da zai bi ta layin.

Dattijon da ya tare ni har yau bai sauko ba, kuma har yau ni nake fara gaishe shi. Baba kuwa bai taɓa taɓa Duna ba, ba na jin zai taɓa. Amma rannan da za mu tashi daga sito na ji yana ce wa maigadi: "Malam, a duba kwanon can, kamar ruwansa ya ƙare."

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take ga duk wanda ya fi ni sani. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku, ɗan Sabo, Badun.